Masu biyan kuɗi su sha sanyin teku

Da sassafen wata Asabar cikin watan Janairu muna zaune a teburin mai shayi a Samaru. Hazo ya rufe gari har ba a hango ɗan acaɓa sai ya zo daf, kowa ya ƙudundune yana hura kofi. Sai ga saƙo ya shigo wayata daga ƙanena da ke zaune a Bronx, cikin birnin Niyok. Ɗan gajeren bidiyo ne. Maza ne jere a gefen jirgin ruwa, kafaɗa da kafaɗa kamar sahun salla, kowa da sandar fatsa a hannu, an naɗe fuska sai ido. Ƙarfen da suka jingina da shi ya yi fari fat da ƙanƙara. Jirgin in ya ɗaga sai ka ga sama kawai, in ya sauko sai ka ga ruwa kawai, ruwan kuma launin toka. Can ƙasa-ƙasa muryar yaron tana rawa: “Yaya, ka ga inda muka wuni.”

Na miƙa wa mai shayi wayar. Ya kalla sau biyu, ya ce, “Malam, nawa ake biyansu a rana?” Na ce ai su ne ke biya, kowane mutum fiye da dala ɗari. Ya ajiye ludayi ya dube ni, ya ce to Allah ya ba su lafiya. Aka kwashe da dariya, har da ni.

Amma tambayar tasa ba ta banza ba ce. Mu da teku ta yi mana nisan wuni guda cur a mota, abin da muka sani na su, wato kamun kifi, shi ne na kogin Galma da madatsar Shika, inda mutum ke shiga ruwa don ya ci abinci. A ce mai hankali ya bar ɗaki mai ɗumi a tsakiyar sanyin da ke daskarar da ruwa, ya biya kuɗi a kai shi inda zai yi ta amai, dole a nemi ba'asi. Ni dai abin da na gano shi ne ba jarumta ce ke tafiyar da harkar ba, lissafi ne, kuma wanda ya fi kowa ɗaukar nauyin lissafin shi ne mutumin da ba a nuna a bidiyon ba, wato kyaftin.

Duk wanda ya san tasha ya san wannan jirgi. A gaɓar gabashin Amurka akwai hanya biyu ta fita su ga wanda ba shi da jirgin kansa. Ko dai ku haɗu ku shida ku ɗauki shatar ƙaramin jirgi, ko kuwa ka je bakin ruwa da asuba ka biya kuɗin kanka kaɗai ka shiga babba tare da mutanen da ba ka taɓa gani ba, kamar mai shiga bas daga Kwangila zuwa Kano. Sunayen da suke kiransa da su ma haka suke nunawa: ɗaya ma'anarsa jirgin taro, ɗaya kuma jirgin kai, don kai ake ƙirgawa. Tsawonsa kan kai mita 25 zuwa 35, na ƙarfe ko alminiyam, da ɗaki mai ɗumi a tsakiya, wasu har ƙarfen gefen ana ɗumama shi don kada hannu ya ƙage. Akwai tasoshinsu sanannu: Sheepshead Bay a Brooklyn, Montauk a ƙarshen tsibirin Long Island, Belmar da Point Pleasant a jihar New Jersey, Point Judith a Rhode Island. Akwai kuma yaran jirgi, kamar yaran mota, masu raba abin saƙala wa ƙugiya, masu warware zare in ya harɗe, masu gyara kifi a hanyar dawowa, kuma rabin cinsu daga ihsanin fasinja yake. Jirgin talaka ne: direban tasi, birkila, tsohon da ya yi ritaya, baƙin da suka zo ci-rani irin ƙanena.

To me ya sa sai da sanyi? Kifi ne ya zaɓi lokacin. Jikin kifi zafin ruwan da yake ciki yake bi, shi ya sa masuntanmu ke cewa da hunturu tarwaɗa kan kwanta, ba ta son ci. A tekun can abin ya fi haka tsari. Daga gaɓa ƙasan teku yana gangarawa a hankali, tafiyar kilomita ɗari da wani abu kafin ya yanke ya faɗa zurfi na gaske. Ruwan kusa da gaɓa bai da zurfi, yana saurin hucewa, a watan Fabrairu yakan sauko wajen digiri 4 ko 5. Na can bakin gangaren kuwa ba ya sanyi haka. Saboda haka kifayen da yara ke kamawa daga kan gada da bazara, da kaka ta wuce sai su yi ƙaura su nausa ciki, su taru a zurfin mita 50 ko 70. Ƙaramin jirgi ba ya iya binsu a wannan yanayi. Babban ne kaɗai hanya, kuma wasu tafiye-tafiyen tun dare ake tashi don a isa da wayewar gari.

Su ma ba ko'ina suke taruwa ba. Yawancin ƙasan tekun yashi ne shimfiɗe, fili fetal kamar faƙo. A irin wannan wuri duk abin da ya yi tudu ya zama gari: dutse, ko gawar jirgin da ya nutse. Hanyar shiga tashar Niyok cike take da irin waɗannan gawarwaki, wasu hatsari ne, wasu jiragen yaƙin Jamus masu tafiya ƙarƙashin ruwa ne suka nutsar da su a 1942, wasu kuma hukuma ce ta nutsar da gangan don kifi ya samu mafaka. Ƙananan halittu su manne a jikin ƙarfen, ƙaguwa ta zo cinsu, kifi ya zo cin ƙaguwa. Akwai wani baƙin kifi mai kaurin leɓe da haƙora kamar na akuya, suna ce masa totog, wanda 'yan sanyi suka fi ƙwallafa rai a kansa. Ba ya nisa da raminsa. In ya ɗauki ƙaguwar da ke ƙugiya ba ka ɗago shi nan take ba, ya shige cikin ƙarfe ya tsinka zaren. Sai kuma wani babban kifi da suke ce wa kod, wanda shi sanyin ma yake so.

A nan aikin kyaftin yake farawa. Gawar jirgi a ƙasan teku wataƙila ba ta fi faɗin masallacin unguwa ba, kuma dole ya tsayar da jirginsa daidai bisa kanta, don in ya kauce da 'yan mitoci kowa zarensa a yashi zai sauka, a wuni a banza. Na'ura tana nuna masa wurin, amma na'ura ba ta riƙe jirgi. Sai ya wuce gaba ya jefa anka, wato ƙarfen da ke kama ƙasan ruwa ya riƙe jirgi, ɗaya ta dama, ya koma ya jefa wata ta hagu, sannan ya riƙa sassauta igiyoyin har jirgin ya zauna a tsakiya kamar akuyar da aka ɗaure da turke biyu. In iska da gudun ruwa sun fuskanci wuri ɗaya, abin da sauƙi. In sun saɓa, sai jirgin ya yi ta lilo, a ɗaga anka a sake, kowace sakewa kuma rabin awa ce ta tafi daga wunin da mutane suka biya.

Shi kuma mai fatsa nasa yaƙin da dalma ne. Dole dalmar da ke ƙarshen zare ta zauna daram a ƙasa, shi ya sa nauyinta kan kai kusan rabin kilo in ruwa na gudu. Amma ga jirgi yana hawa da sauka tsayin mutum. In ka riƙe sanda ƙam, duk hawan jirgi sai ya ɗaga dalmar ya buga ta da ƙasa, kifi ya watse. Gwanaye sukan sunkuyar da sandar in jirgi ya hau, su ɗaga ta in ya sauka, wuni guda, da yatsun da ba sa jin komai, suna jiran wani ɗan motsi da bai fi taɓin farce ba. Ƙanena ya ce ranar farko abin da ya fi kamawa shi ne zaren maƙwabcinsa. Mutum arba'in ne a jere, gudun ruwa yana jan zaren kowa gefe guda, wanda dalmarsa ta fi sauƙi sai ta share ta naɗe na mutum biyar. Shi ya sa ake rububin bayan jirgi, inda zare ke tafiya waje ba ƙarƙashin jirgi ba. Tsofaffin hannu tun tsakar dare suke zuwa su ɗaure sandarsu a wurin su koma mota su kwanta, yadda matanmu ke ajiye bokiti a layin famfo.

Yanzu sai maganar igiyar ruwa, wadda ita ce ta fi wuyar ganewa ga wanda bai taɓa ganin teku ba, kuma ita ce ke raba ranar fita da ranar zama. Abu uku ne ke gina ta: ƙarfin iska, daɗewar da ta yi tana kaɗawa, da tsawon ruwan da ta bi ta kansa. Na ukun nan kowa zai iya gani da idonsa a madatsar Kubanni da hunturu. Tsaya ta gefen da iska ke fitowa, ruwan gabanka lumui kamar madubi. Zagaya ɗaya gefen, za ka tarar yana ta dukan gaɓa. Iska ɗaya ce, tazarar da ta samu ce ta bambanta.

Wannan ne ya sa alƙiblar iska ta fi ƙarfinta muhimmanci a wurinsu. Gaɓarsu gabas ko kudu take kallo. Iskar arewa maso yamma, wadda ke biyo bayan wucewar sanyi, daga tudu take fitowa, saboda haka bakin gaɓa yakan yi kwance ko da tana kaɗawa da ƙarfi. Yaudararta ke nan: fita da daɗi, iska na tura ka ta baya, amma duk nisan da ka ƙara igiyar na ƙara girma, dawowa kuma sai ka fuskance ta gaba da gaba. Wadda suke tsoro ta gaske ita ce ta arewa maso gabas, alƙiblar da hunturunmu ke fitowa. Tamu ta ratso Sahara ta kawo ƙura, tasu ta ratso Atlantika ba abin da ya tare ta, takan yi kwana biyu ko uku tana gina ruwa, kuma bayan ta kwanta tekun ba ya kwanciya nan da nan. Ƙasan ma yakan dame, kifi ya ƙi ci.

Tsayin igiya shi kaɗai ba ya faɗin komai. Hukumar yanayi tana ba da lamba biyu, tsayi da kuma daƙiƙun da ke tsakanin wata igiya da mai bi mata. Igiya mai mita 2 da ke zuwa duk bayan daƙiƙa 12, tazarar da ke tsakanin ƙololuwa da ƙololuwa ta haura mita 200, jirgi zai hau ta a hankali ya sauka kamar mota a kan tudun kwalta. Mita 2 ɗin nan dai in duk daƙiƙa 5 take zuwa, tazarar ba ta kai mita 40 ba, kusan tsawon jirgin kansa, kafin ya sauko daga wannan waccan ta mare shi. Bambancin tudu ne da gargada. Sannan lambar tsayin da ake sanarwa matsakaici ne na kashi ɗaya cikin uku mafi tsayi, ma'ana a cikin wuni ana iya samun guda ɗaya da ta kusa ninka ta. Kyaftin da wannan guda ɗayan yake lissafi, fasinja kuwa lambar da ya gani a waya yake kawo masa hujja da ita.

Wuri mafi hatsari kuma sau da yawa ba tsakiyar teku ba ne, ƙofar gida ce. Yawancin tasoshin nan a cikin lungun ruwa suke, ana fita ta wata 'yar siririyar mashiga. Teku tana cikowa tana janyewa sau biyu a kwana. In ruwan lungu yana tururuwar fita ta mashigar, igiyar teku kuma tana turowa ciki, sai su yi karo, ruwan ya miƙe tsaye ya karye. Don haka ba yanayin safiya kaɗai ake dubawa ba, har da yadda ƙofar za ta kasance a sa'ar da za a dawo.

Sanyin kansa kashi biyu ne. Akwai na wahala, akwai na kisa. Na wahala shi ne yatsu da kunne da jirin teku, wanda ke zuwa in kunnen ciki yana jin motsi ido kuma bai gani ba. Shi ya sa wanda ya gudu ɗaki mai ɗumi ya kwanta ya fi shan wuya a kan wanda ya daure a waje yana kallon inda sama ta haɗu da ruwa. Kuma babu “sauke ni a nan”: ka biya, an fita, sai an tashi. Na kisa kuwa, ruwan gishiri sai ya kai kusan digiri 2 ƙasa da sifili yake daskarewa, amma feshin da iska ke watsawa kan jirgi yana daskarewa a jikin ƙarfe, ya sa daɓe santsi, in ya taru da yawa ya yi wa jirgi nauyi ta sama. Wanda ya zame ya faɗa, ruwa yana zuƙe zafin jiki ninki ashirin da wani abu fiye da iska. Wani masani ɗan Kanada, Gordon Giesbrecht, ya taƙaita abin da lambobi uku: minti 1 na farko numfashi ke ƙwacewa, mutum ya yi ta haƙi, in kansa na cikin ruwa ya shaƙa, wajen minti 10 yake da su kafin hannu da ƙafa su daina bin umarni, wajen awa 1 kafin sanyin ya gusar da hankali, in akwai abin da ke riƙe shi a sama. Mu muna cewa iya ruwa fid da kai. A wannan ruwan gwanin iyo da ɗan koyo minti goma ne tsakaninsu, rigar ceto ce kawai ke kai mutum ga awa ɗayan.

Duk wannan kyaftin ya sani. Abin da ke sa lissafin ya yi nauyi shi ne kuɗi. Man da jirgi zai sha ɗaya ne, ko mutum goma ya ɗauka ko hamsin. Da sanyi ranakun fita kaɗan ne, mako guda na iya wucewa ba a kunna inji ba, ga kuɗin wurin ɗaure jirgi, ga inshora, ga yara. In ya soke tafiya teku ta wayi gari lafiya, mutanen da suka yi tuƙin awa biyu cikin dare za su koma jirgin maƙwabci, ba lalle su dawo ba. In ya fita aka sha wuya ba kifi, a zage shi a Facebook. Tsarin biyan kai-da-kai, a ko'ina yake a duniya, yana tura mai abin hawa ga abu biyu: ya tashi, kuma ya cika.

Amurkawa da gawa suka koyi wannan. Ranar 1 ga Satumba, 1951, wani jirgin masu fatsa mai suna Pelican, tsawonsa ƙafa 42 kacal, ya tashi daga Montauk da mutum 64, yawancinsu waɗanda jirgin ƙasa ya kwaso daga Niyok da safiyar. Ba ma lokacin sanyi ba ne. Iskar arewa maso gabas ta taso, injinsa ɗaya ya ƙi tashi, yana jan jiki zuwa gida, a daidai kwanar da ke gaban hasumiyar Montauk inda gudun ruwa ke karo da iska, igiya ta buge shi ta gefe ya kife. Mutum 45 suka mutu, har da kyaftin ɗin. A lokacin doka ba ta binciken ƙananan jirage irinsa, babu mai ce masa ya yi lodi fiye da kima. Bayan wannan ne majalisar ƙasar ta yi dokar 1956: duk jirgin da zai ɗauki fasinja fiye da shida don kuɗi sai rundunar tsaron gaɓar teku ta duba shi, ta ba shi takardar da ta rubuta iyakar mutanen da zai ɗauka da iyakar nisan da zai je. Asalin “ku shida” na shatar da na ambata ke nan.

Ba na iya karanta labarin Pelican ban tuna Bagwai ba, inda kwale-kwale ya kife a madatsar Watari a ƙarshen Nuwamban 2021 da ɗaliban Islamiyya, ko na yankin Patigi a Yunin 2023 da ya ci 'yan biki fiye da ɗari. Ruwanmu bai kai nasu haushi ba ko kusa. Ba mu da ƙanƙara, ba mu da igiyar da ta kai tsayin ɗaki. Abin da ke nutsar da mu shi ne abin da ya nutsar da su a 1951. A ganina abin koyi a bidiyon ƙanena ba ƙarfin halin masu fatsar ba ne, wata takarda ce da ke manne a bango cikin ɗakin jirgin, da kuma cewa akwai mai zuwa ya ƙirga.

Kifin ma ƙirga shi ake yi, abin da ya ƙara ba mai shayi mamaki. Kowace jiha da lokacin da ta buɗe, da adadin da mutum ɗaya zai tafi da shi, da tsawon da in kifi bai kai ba sai a mayar. Totog sai ya kai inci 15 ko 16, gwargwadon jiha, don jinkirin girma gare shi, yana iya shekara talatin a duniya. Mayarwar ma ba kullum take ceton kifi ba: duk mita 10 na zurfi nauyin ruwa na ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar duniya, saboda haka wanda aka fizgo daga mita 60 jakar iskar cikinsa takan kumbura har tumbinsa ya leƙo ta baki. Labarin kod kuwa ya isa ya nuna amfanin tsaurin doka. Shekaru ɗaruruwa ana ɗibarsa kamar ba zai ƙare ba, sai ga Kanada a Yulin 1992 ta rufe kamun sa a gaɓar Newfoundland, mutum wajen 30,000 suka rasa sana'a a dare ɗaya. Jiragen da a da kod ne abincinsu na sanyi yanzu sun koma kan wasu kifayen. Mu ma muna da hannu a cinikin wannan kifi ba tare da mun lura ba: busasshen kifin nan mai tauri kamar itace da ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari, mafi yawansa daga Norwe yake, inda ake kama kod a tsibiran Lofoten tsakanin Janairu da Afrilu a shanya shi a iska, Nijeriya kuma na cikin manyan masu saye, musamman kawunan.

Akwai wata al'ada a jiragen da na ja wa ƙanena kunne a kanta. Kafin a tashi ana zagayawa kowa ya zuba 'yan daloli, wanda ya kama kifi mafi nauyi ya kwashe. Na ce masa ko da wane suna aka kira ta, caca ce. Ya ce ai shi ko ya zuba ba ci zai yi ba.

Ranar da ya turo bidiyon, kifi uku ya koma da su gida. Na yi masa lissafin kuɗin jirgi da na mai da na yaran jirgi, na ce da Titus ya saya a kanti da ya cika firji. Ya ce, “Yaya, wata huɗu ina cikin mota da ɗaki, ban ga inda sama ta ƙare ba sai ranar.” Bayan mako biyu ya sake turo saƙo, wannan karon ba bidiyo. Sun isa bakin ruwa ƙarfe biyar na asuba, su kusan ashirin, sama garau taurari na ƙyalli, tutar tashar ko motsi ba ta yi. Kyaftin ya fito da kofi a hannu ya ce iska za ta juya da azahar, ba inda za shi. Wasu suka yi ta faɗa, ɗaya har ya nuna masa waya. Shi dai ƙanena ya mayar da sandarsa but ɗin mota ya koma ɗaukar fasinja.

Da na ba mai shayi labari, yana juya Lipton bai ɗago ba, ya ce, “To kuɗin fa, an mayar musu?”